Yini ɗaya a Alƙahira: yaya ɗalibi zai tsara yawonsa?

Alhaji_Rigasa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka san Masar ce. Yarona yana shekarar farko a Azhar, yana zaune a Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi na Azhar. Sun gama jarrabawa yanzu a ƙarshen Janairu, shi da abokansa biyar suna so su fita yini guda su ga gari: Ahram (dalolin fir'aunoni), gidan tarihi, masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili, da yamma kuma su shiga kwalekwale a kogin Nilu su ci abinci tare. Ya nemi in tura masa kuɗi. Shin duk wannan zai yiwu a yini ɗaya? Me zai riƙe, me zai kiyaye? Kuma ku gaya mini gaskiya, irin wannan fita tana da amfani ga ɗan makaranta ko ɓata lokaci ce?

Azhari_TudunWada:
Wa alaikumus salam Alhaji. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ahram tana Giza ne, can yamma da kogi, a bakin hamada. Azhar da Khan Khalili kuwa suna gabas, a tsohon gari. Cunkoson motocin da ke tsakaninsu kaɗai zai iya cinye musu awa biyu zuwa uku idan suka faɗa lokacin tashi daga aiki. Su raba abin gida biyu. Rana ɗaya ta Giza, wata rana ta tsohon gari da kogi. Idan dole sai ɗaya, to su fara da tsohon gari, domin yana kusa da masaukinsu kuma yawancinsa da ƙafa ake yi.

Ga yadda zan tsara musu shi. Su fito da ƙarfe 8 na safe, su hau metro layi na 3 daga Abdu Basha ko Abbasiyya, su sauka a Babus Sha'ariyya. Daga nan tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa Babul Futuh, ɗaya daga ƙofofin ganuwar da aka gina a 1087. Nan titin Mu'izz ya faro, ya miƙe kudu kimanin kilomita ɗaya har Babu Zuwaila. Masallacin Hakim yana daf da ƙofar. Gaba kaɗan sai ginin Sultan Kalawun na 1285, wanda ya haɗa makaranta, hubbare da asibiti a wuri guda. Akwai tikiti ɗaya da ya ƙunshi gine-gine da dama na wannan titi, shi za su nema, kada su riƙa tambaya ƙofa-ƙofa. Kafin azahar sun iso Azhar. Su yi salla a can, su ci abinci, sannan Khan Khalili. Da la'asar sakaliya sai kogi.

Injiniya_Barnawa:
Na yarda da raba kwanakin, amma ban yarda a jinkirta Giza ba. Azhar kullum yana gabansu, shekara huɗu za su yi suna shiga suna fita. Ahram kuwa ɗalibi sai ya gama karatu ya dawo Kaduna bai je ba, kullum yana cewa sai wani hutun. Kuma yanzu sanyi ne, shi ne lokacinta. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan kai digiri 35 zuwa 40, wurin kuma babu inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya.

Hanya: layi na 3 zuwa Ataba, a sauya zuwa layi na 2 mai nufar Munib, a sauka a tashar Giza. Daga nan akwai sauran tafiya ta kusan kilomita goma. Su shida ne, su kira Uber ko inDrive mota biyu, ya fi musu kwanciyar hankali a kan ƙananan bas, saboda yaran mota da harshen titi suke kiran wurare, ba Larabcin aji ba. Kada su yarda direba ya sauke su a wani shagon turare ko garken dawaki ya ce wai nan ce ƙofa. Su duba taswira a waya, su sauka a inda ake sayar da tikiti na hukuma.

Dala mafi girma ita ce ta fir'auna Khufu, ta kai kusan shekara 4,500, asalin tsayinta mita 146. Shiga cikinta tikiti ne daban da na filin. Mashigar ƙunci gare ta, a duƙe ake hawa, zafi da ƙarancin iska, a ƙarshe ɗaki ne na dutse da akwatin gawa babu komai a ciki. Mai asma ko mai tsoron ƙuntataccen wuri ya haƙura. Hawan dala ta waje kuma laifi ne, ana cin tara har da ɗauri.

Umman_Hafsa:
Injiniya ka manta da masu raƙuma.

Injiniya_Barnawa:
Gaskiya ne Hajiya. Ƙa'ida ɗaya ce: kada a hau sai an yi ciniki an gama. A faɗi kuɗin, a faɗi cewa da fam na Masar ne, a faɗi minti nawa, a faɗi cewa kuɗin ya haɗa da saukowa da ɗaukar hoto. A biya bayan an sauka. Wanda ya ɗora maka rawani a ka ko ya danƙa maka wani abu a hannu ya ce kyauta ne, ka mayar masa nan take, ka ce "la, shukran" (a'a, na gode) ka wuce ba tare da ka tsaya ba. Wanda ya ce ka ba shi tikitinka ya duba alhali ba a bakin ƙofa yake ba, kada a ba shi.

Malam_Kawo:
Alhaji, zan amsa ƙarshen tambayarka, tunda ita aka tsallake. Fitar ba ɓata lokaci ba ce, in dai an san abin da aka je gani. Masallacin Amr bin As da ke Fustat an kafa shi ne a 641 zuwa 642, bayan buɗe Masar, shi ne masallaci na farko a ƙasar. Azhar da yaron yake karatu a cikinsa Fatimiyyawa ne suka fara gina shi a 970, aka buɗe shi a 972. Masallacin Ibn Tulun an kammala shi a 879, hasumiyarsa matakalarta ta waje take zagaye ta. Ganuwar Salahuddin da ke kan tudu an fara ta a 1176. Duk waɗannan sunaye ne da za a koya masa a darasin tarihi, kuma gani ya kori ji.

Mu ma muna da sawu a garin nan. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi makaranta da masauki a Alƙahira saboda ɗalibai da alhazansu, kuma a cikin Azhar akwai zauren da aka ware wa mutanen Barno. Mansa Musa ya yada zango a can a 1324 a hanyarsa ta Makka. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505 kuma kabarinsa yana garin, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Yaron da ya san wannan ba zai riƙa jin kansa baƙon jiya ba. Ka tura masa kuɗin, amma ka ce ya karanta tarihin kowane wuri daren da zai fita.

Abu_Ammar:
Allah ya saka Malam. Ƙari ɗaya: a ja musu kunne kan abin da ake yi a hubbarori, irin masallacin Husaini da na Imam Shafi'i. Za su ga shafe-shafe da roƙe-roƙe. Su kiyaye aƙidarsu.

Dan_Zawiyya:
Abu_Ammar, ziyara daban, abin da wasu jahilai ke yi daban. Malaman Azhar ɗin da kansu suna ziyartar waɗannan wurare.

Mai_Kula_da_Zaure:
Malamai, don Allah kada mu buɗe wannan babi a nan, yana da nasa zauren. Alhaji tsarin yini ya tambaya. Mu koma kai.

Yar_Malali:
To bari in koma kan takardu da kuɗi, don nan ne ake samun matsala.

Katin makaranta mai aiki shi ne abu na farko. A wuraren tarihi na gwamnati farashi kala-kala ne: na 'yan ƙasa, na baƙi, da na ɗalibai baƙi, wanda yawanci rabin na baƙi ne. Ba a yarda da hoton kati a waya a wurare da yawa, kuma katin da shekararsa ta wuce ba ya aiki. Ɗan shekarar farko sau da yawa katinsa bai fito ba tukuna, to ya tabbatar kafin ranar, in ba haka ba zai biya ninki biyu.

Sai katin banki. Tun 2023 manyan wurare irin Ahram, gidan tarihi na Tahrir da Ganuwar Salahuddin suka koma karɓar kuɗin tikiti da kati, ba tsaba ba. Katin naira kuwa ba abin dogaro ba ne a waje, yau ya yi gobe ya ƙi. Cikin su shidan a samu wanda ke da kati mai aiki a Masar, ya biya wa kowa, su ba shi tsaba. Su gwada katin a shago kwana ɗaya kafin fita.

Duk da haka su riƙe canji, ƙananan takardu na fam 5, 10 da 20, saboda mai gadin takalma a masallaci, banɗaki, ruwa da metro. Wanda ya miƙa babbar takarda zai ji "babu canji".

Kuma kowa ya ɗauki katin iƙama, wato izinin zama a ƙasar, da kwafin fasfo. Ana tsayar da mutane a tambaye su takarda, musamman a tashoshi. Wanda iƙamarsa take hannun hukuma ana sabuntawa ya riƙe rasiɗin. Wanda tasa ta ƙare bai ma kai ta ba, ya zauna a gida ya gyara wannan tukuna.

Alhaji_Rigasa:
Na gode 'yata, Allah ya yi albarka. To kamar nawa zan tura?

Yar_Malali:
Baba, kada kowa ya yanke maka adadi daga nan Kaduna. Fam ya faɗi ƙwarai a Maris 2024, an kuma ƙara kuɗin tikiti fiye da sau ɗaya, don haka lissafin wanda ya baro can shekara biyu da suka wuce ya tsufa. Ka ce ya duba farashin ranar a shafin ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi, ya rubuto maka abu huɗu daban-daban: tikiti, mota, abinci, kwalekwale. Ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda abin da ba a zata ba. A ranar Giza tikiti ne zai ci mafi yawan kuɗin. A ranar tsohon gari kuwa Azhar da Husaini da yawo a titin Mu'izz duk ba a biyan kuɗin shiga, abinci da tsaraba ne ke jan aljihu.

Sadauki_Kabala:
Gyara kan gidan tarihi, don yaron ya ce "gidan tarihi" kawai, alhali manya uku ne. Na dandalin Tahrir shi ne tsoho, an buɗe shi a 1902, tashar Sadat tana ƙarƙashin dandalin. Gawarwakin fir'aunoni ba sa can yanzu. A Afrilun 2021 aka kwashe 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fustat. Wanda ke son ganin Ramsis na biyu can zai je, kuma ba a ɗaukar hoto a ɗakin gawarwakin. Na uku shi ne babban sabon da ke kusa da Ahram, wanda aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025, can kayan Tutankhamun suke. Saboda haka ranar Giza sai a haɗa da sabon, na Fustat kuma a haɗa shi da masallacin Amr tunda unguwa ɗaya ce. Kowane ɗaya yana son awa biyu zuwa uku. Biyu a rana ɗaya ƙafa za ta gaji, kai ma ya daina ɗauka.

Bashir_Mando:
Wai da gaske akwai gawar Fir'aunan Annabi Musa a ciki?

Malam_Kawo:
Malam Bashir, wasu masu bincike sun ce Ramsis na biyu ne, wasu sun ce ɗansa Marnafta ne, gawarwakin biyun kuma suna Fustat. Amma babu nassi da ya ambaci sunansa, masana tarihi ma ba su haɗu a kan ɗaya ba. Yaran su gani su ɗauki izina, kada su ɗauki bidiyo su yaɗa suna cewa tabbas ga shi.

Umman_Hafsa:
Ni ma ina da 'ya mace a can tana karatun likita, bari in faɗi abin da ya shafi mata, ko wata uwar za ta amfana. A metro akwai taragun mata a tsakiyar jirgi, da alama a kan dandamali da ke nuna inda suke tsayawa. Su nufi can, musamman safe da yamma. Samarin kuma su lura kada su afka ciki da gudu, ana cin tara. A Khan Khalili lunguna ne matsattsu, jaka a riƙe ta ta gaba, waya kada ta zauna a aljihun baya. Mata su fita uku zuwa sama, kuma idan sun shiga mota su tura wa wata a gida bayanin tafiyar ta manhajar. Takalmi marar tsini, domin daɓen duwatsu ne. Safa mai kauri saboda tsakar masallatai, marmara ce, da sanyi tana ɗaukar sanyi, da zafi tana ƙuna.

Tikitin metro kuma a adana shi har a fita, don sai da shi ƙofa take buɗewa. Kuɗinsa da yawan tashoshi ake lissafawa, daga 1 zuwa 9 farashi ɗaya, daga 10 zuwa 16 wani. A faɗa wa mai sayarwa sunan tashar da za a sauka.

Chef_UnguwarRimi:
Abinci fa? Ba a yawo da yunwa. Karin safe su tsaya wajen masu ful (dafaffen wake) da ta'amiyya. Ta'amiyya kusan ƙosai ce, sai dai da wake mai faɗi ake yi, a sa ganye, shi ya sa cikinta kore ne. Burodi biyu da ita sun riƙe mutum har azahar. Da rana koshari: shinkafa, taliya, adas (wani ƙaramin wake), soyayyar albasa da miyar tumatir. Za a kawo kwalba biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa da tsami, ɗaya yaji. A zuba yajin kaɗan-kaɗan. Shi ne abinci mafi araha da ke ƙosarwa, kuma babu nama a ciki balle a yi tunani. Ruwan rake a sha shi nan take a bakin shagon, in ya jima yana baƙi. Zobo ma akwai, mai zafi da mai sanyi. Ruwan sha na gora, lita ɗaya da rabi kowane mutum, a saya a unguwa kafin a fita, don a bakin Ahram ninki ake sayarwa.

Gidajen abincin da ke fuskantar masallacin Husaini na baƙi ne. A nemi takardar farashi kafin a zauna, a tambaya ko akwai kuɗin hidima da haraji a kai, kuma salak da burodin da aka ajiye ba a nema ba a tambaya ko da kuɗi ne. A shiga lungu biyu baya, inda ɗaliban Azhar ke ci, farashi ya sauka.

Abu_Ammar:
Wurin shan shayin nan da ake ta yabo a Khan, Fishawi, shisha ce ta cika shi. Ban ga abin da ɗalibin ilimi zai je yi ba.

Azhari_TudunWada:
Akwai gaskiya a maganarka, hayaƙi ya yi yawa a irin wuraren. Amma zaman tare da Alhaji ya ambata yana da muhimmanci, bai kamata a soke shi saboda shisha ba. Akwai lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005 a kan tudu kusa da Darrasa. Ana biyan kuɗin shiga, akwai ciyawa da wurin salla, daga sama ana hango Ganuwar Salahuddin da hasumiyoyin tsohon gari. Nan ya fi dacewa da hira.

Shawarata kuma kada su shidan su zama 'yan Kaduna zalla. Bu'us cike yake da 'yan Indunisiya, Maleshiya, Senegal, Chadi da sauransu. Su gayyaci biyu daga ciki, in an samu da Bamisire ɗaya ɗan ajinsu. Dole hira ta koma Larabci, ciniki ma ya yi sauƙi. Ɗalibin da daga aji sai ɗakin 'yan garinsu, zai yi shekaru Larabcin bakinsa bai buɗe ba. Baƙo ko da ido makaho ne, ɗan gari ɗaya a cikin tafiya ya fi taswira.

Sadauki_Kabala:
Abu ɗaya da ba a son faɗi amma gara su sani: wani lokaci yara ko 'yan zaman banza kan jefi baƙar fata da kalmar tsokana a titi. Kada su tanka, kada su tsaya. Faɗa a ƙasar mutane, ko kana da gaskiya, iƙamarka ce a kan layi. Idan abu ya yi tsanani a wurin tarihi akwai 'yan sandan yawon buɗe ido. Su ajiye lambar shugabannin ƙungiyar ɗalibai a waya. Sannan hoto: ban da sojoji, ban da 'yan sanda, ban da shingen bincike da gine-ginen gwamnati. Wannan ba wasa ba ne a Masar.

Injiniya_Barnawa:
Kan kwalekwale. Iri biyu ne. Akwai mai inji da fitilu da kiɗa mai ƙarfi, ana biya kowane kai, zagaye gajere. Akwai faluka mai filafilai da iska ke turawa, ita hayar jirgin gaba ɗaya ake yi da awa, su shida ko takwas su raba. Ta biyun ta fi. Ana samunta a bakin kogi ta wajen Garden City, kudu da gadar Kasrun Nil, da kuma Ma'adi. A yi ciniki kan awa ɗaya cif, a duba agogo tare da mai jirgi lokacin tashi. Su shiga minti arba'in kafin magariba, su yi alwala tun a ƙasa. A watan Janairu rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 5 da 5 da rabi, iskar kan ruwa kuma tana da sanyi sosai, kowa da rigar sanyinsa. Su tambayi rigar ceto kafin su hau, wanda bai iya ruwa ba ya zauna a tsakiya. In babu iska jirgin ba ya tafiya, sai a haƙura da ranar.

Bashir_Mando:
Juma'a ko Asabar? Na ga su ne ranakun hutu a can.

Yar_Malali:
Safiyar Juma'a titi fayau yake har a sauko daga masallaci, don haka ta yi kyau ga mai zuwa nesa da wuri. Amma bayan salla iyalai ke fitowa, ko'ina ya cika. Mai son Juma'a a Azhar ya isa awa ɗaya kafin huɗuba. Tunda hutu suke, ni da Litinin ko Talata zan ba su. Lahadi kuma shaguna da yawa a Khan a rufe suke.

Malam_Kawo:
Tunda ƙarshen Janairu ake magana, kada su manta da baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969, daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Yanzu a unguwar Tajammu'ul Khamis ake yinsa, da nisa daga tsohon gari, yini guda yake ci shi kaɗai. Wanda bai samu zuwa ba, shagunan littattafai na bayan Azhar suna nan kullum, da kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya kusa da Ataba. Alhaji, in da hali ka ware masa kuɗin littafi daban, kada ya haɗe da na koshari.

Alhaji_Rigasa:
Madalla, Allah ya saka wa kowa. Na tura masa duk bayanan. Ya ce abokansa sun rabu biyu, uku Giza suke so, biyu tsohon gari, shi kuma katinsa na makaranta bai fito ba.

Injiniya_Barnawa:
To in kati bai fito ba, na janye, Giza ta jira. Biyan cikakken kuɗin baƙo a Ahram da sabon gidan tarihi asara ce.

Sadauki_Kabala:
Ni ban ga dalilin jira ba. Ya je ofishin kula da ɗalibai baƙi ya karɓi takardar shaidar rajista mai hatimi, ya gwada da ita. In an karɓa shi ke nan, in an ƙi sai ya shiga filin kawai ya bar cikin dala da gidan tarihi zuwa wani lokaci. Daga Maris iskar khamsin mai ƙura take farawa, bayanta kuma sai zafi da jarrabawa.

Umman_Hafsa:
Alhaji, ko wacce suka zaɓa, ya tambayi lokacin da ake rufe ƙofar masaukinsu kafin ya fita, kuma su baro bakin kogi da isha'i, kada su dogara da jirgin ƙarshe na metro. Ya cika cajin wayarsa ya riƙe abin caji na tafi-da-gidanka, hoto da taswira suna shanye batir kafin la'asar. In za ka kira shi ka tuna yanzu suna gabanmu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu ne.